Ladan Kuturu

Daga Taron Ƙasa na 1991 zuwa zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021, shekara 30 ke nan, kuma a cikinsu ƴan Nijar sun ga yaƙin neman zaɓe iri-iri. Sun ga jerin gwanon motoci da ke tasowa daga Yamai su ratsa Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har su dangana da Diffa, tafiyar da ta haura kilomita 1300. Sun ga kamyo maƙare da matasa, da turamen atamfa masu hoton ɗan takara, da makaɗa da maroƙa, da buhunan shinkafa da na sukari waɗanda ake saukewa ƙofar gidan mai gari bayan sallar isha'i. Abin da ba a saba nuna musu ba shi ne takardar da ke cewa ga wanda ya sayi esansin motocin nan, ga kuma nawa ya kashe. An dakatar da harkokin jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka kuma rushe su baki ɗaya a watan Maris na 2025. To amma duk ranar da aka sake kaɗa gangar siyasa, tambayar da aka yi shekara 30 ana kauce mata za ta dawo tare da gangar: attajirin da ya zuba dukiyarsa cikin takarar wani, me yake saye?

Amsa biyu aka saba ji. Ɗan siyasa ya ce kyauta ce ta ɗan ƙasa mai kishi, wadda ba ta da igiya a gindinta. Mai shayi da masu zaman benci su ce ai an saye shi tun kafin a ƙirga ƙuri'a, kamar yadda ake sayen rago tun watan Zulƙida. Amsar farko ba mai gaskata ta, ta biyun kuma da wuya a samu mai iya kawo hujjarta gaban alƙali. Domin a gane abin da ke tsakaninsu, ya kamata a dubi wani al'amari da ya faru a Ingila, inda aka san ranar da kuɗi ya shiga, da ranar da mai kuɗin ya samu ganawa, da ranar da gwamnati ta sauya magana, amma duk da haka ba wanda aka kama da laifi.

A watan Janairun 1997, Bernie Ecclestone, mutumin da ke riƙe da ragamar kasuwancin tseren motoci na Formula One, ya ba jam'iyyar Leba fam miliyan 1, wajen miliyan 900 na sefa a canjin wancan lokaci. Jam'iyyar ta yi shekara 18 tana adawa, kuma alamu duka sun nuna ita ce za ta ci zaɓen da ke tafe. Dokar Birtaniya a lokacin ba ta tilasta wa jam'iyya faɗin adadin abin da wani ya ba ta ba, saboda haka maganar ta tsaya tsakanin mai bayarwa da ƴan tsirarun manyan jam'iyya. Ranar 1 ga Mayu Leba ta yi nasara da gagarumin rinjaye, Tony Blair ya zama faraminista. Cikin alkawuran da jam'iyyar ta rubuta ta kai wa masu zaɓe har da haramta tallar taba sigari, kuma ba a yi wata guda ba ministan lafiya, Frank Dobson, ya fito ya ce haramcin zai haɗa da kuɗin da kamfanonin taba ke zubawa cikin wasanni domin a manna sunayensu. Babu wasan da wannan magana ta taɓa kamar tseren motoci. Manyan ƙungiyoyin tseren a shekarar nan suna yawo ne da sunayen Marlboro da Rothmans da Benson & Hedges a jikin motoci da rigunan direbobi, sunayen da duk mai tebur a bakin tashar Maraɗi ya sani.

Ranar 16 ga Oktoban 1997 aka yi wa Ecclestone iso zuwa fadar faraminista a Landan, tare da Max Mosley, shugaban hukumar tseren motoci ta duniya. Hujjar da suka gabatar ba ta banza ba ce. Sun ce in aka hana kuɗin taba a Turai, tseren zai kwashe ya koma ƙasashen Asiya inda ba a hana ba, a ci gaba da nuna shi ta talabijin da tallar tabar a jikinsa, ita kuwa Ingila ta yi asarar dubun-dubatar ayyukan ƙera motoci da injuna. A farkon Nuwamba, ƙaramar ministar lafiya Tessa Jowell ta sanar da Tarayyar Turai cewa Birtaniya na son a tsame Formula One daga cikin haramcin. Kwana 20 ke nan bayan ganawar.

Ƴan jarida ne suka fara sansano ƙaurin. Da suka tambaya ko Ecclestone na cikin masu ba jam'iyya kuɗi, sai aka yi ta yi musu hanya-hanya na ƴan kwanaki. Cikin wannan tsakani sakataren jam'iyyar ya rubuta wa Sir Patrick Neill, shugaban kwamitin kula da ɗa'ar masu riƙe da muƙaman jama'a, yana neman shawara. Neill ya ce a mayar da kuɗin. Aka bayyana adadin, aka kuma ji cewa har an fara zancen wata gudummawar ta biyu. Ranar 16 ga Nuwamba Blair ya fito a talabijin ɗin BBC ya nemi afuwa kan yadda aka tafiyar da maganar, amma ya tsaya kai da fata cewa kuɗin ba su da alaƙa da shawarar da gwamnati ta yanke, ya roƙi jama'a su yarda da shi a matsayin mutum mai gaskiya. Jam'iyya ta mayar da fam miliyan ɗin. Sassaucin kuwa bai koma ko'ina ba: da dokar hana tallar taba ta 2002 ta fito, mafi yawan wasanni an yanke musu wa'adi zuwa 2003, tseren motoci kuwa ya samu har Yulin 2005. Wato Ecclestone ya tashi da biyan buƙata, ga kuma kuɗinsa sun dawo aljihu. Ko a kasuwar Jibiya ba a cika samun ciniki mai albarka irin wannan ba.

Sai bayan shekara 11 aka ga sauran labarin. A watan Oktoban 2008, wata jaridar Landan ta yi amfani da dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon ganin takardun gwamnati, ta fito da wasiƙun da suka nuna cewa cikin sa'o'i kaɗan bayan ganawar 16 ga Oktoba, fadar faraminista ta riga ta umarci ma'aikatar lafiya ta nemo hanyar kare tseren motoci. Alhali kuwa abin da aka faɗa wa majalisa a 1997 shi ne sai a farkon Nuwamba aka tsai da shawara, bayan an auna hanyoyi daban-daban.

Mai karatu zai ce ai biri ya yi kama da mutum. Ya yi kama ƙwarai, amma kama ba ta isa hujja ba. Babu takardar da ta ce ga fam miliyan, ga abin da ake so a madadinsa. Babu shaidar da ya ji an yi wannan ciniki da baki. Yana yiwuwa Blair ya gamsu ne da hujjar ayyukan yi tsakaninsa da Allah, domin shugabannin Jamus ma a wancan lokaci ba su goyi bayan haramcin ba. Yana yiwuwa da wani ne ya kawo masa hujjar, wanda bai ba da ko sisi ba, da haka ɗin zai yanke. Sai dai a nan ne gizo ke saƙar: shin wanda bai ba da ko sisi ba zai samu shiga ɗakin ma tukuna? Faraminista ɗaya ne, yininsa awa 24 ne, masu neman ganinsa kuwa sun fi a ƙirga. Likitocin huhu da iyayen yaran da ke koyon shan taba ta hanyar kallon motocin nan su ma suna da hujja, mai nauyi kuwa, amma umarnin da ya fita a daren nan ya fita ne bayan an saurari ɓangare guda. Iso shi ne hajar da aka saya. Duk wanda ya san zaman fada ya san cewa wanda ya samu kunnen sarki da sassafe ya gama rabin shari'arsa kafin abokin gabarsa ya tsallake zaure.

Masu binciken siyasa a Amurka, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan kuɗin zaɓe da kuma yawan lissafinsa, sun iske abin da ya yi daidai da wannan. A 2003 wasu malaman jami'a uku, Ansolabehere da de Figueiredo da Snyder, sun bi diddigin nazarce-nazarce kusan 40 da aka yi kan ko gudummawa na sauya ƙuri'ar ɗan majalisa a zauren majalisa, suka tarar cewa a kashi uku cikin huɗu na gwaje-gwajen ba a ga wani tasiri tabbatacce ba. Dalili ɗaya a fili yake: mai kuɗi yakan ba wanda dama ra'ayinsu ɗaya, ko wanda ya ga alamar zai ci, don haka in ɗan majalisa ya yi abin da mai kuɗin ke so ba a iya rarrabe saye da dacewa. Amma wasu malaman biyu, Kalla da Broockman, sun bi ta wata hanya, suka buga sakamakonsu a 2016. An aika wa ofisoshin ƴan majalisar Amurka 191 takardar neman ganawa kan wani daftarin doka. A wasu takardun an ce masu neman ganawar mutanen mazaɓa ne, a wasu kuma an ce masu ba da gudummawar zaɓe ne. Inda aka ambaci gudummawa, damar ganin ɗan majalisar da kansa ko babban jami'insa ta ninka sau uku zuwa huɗu. Ba wanda ya nemi cin hanci, ba wanda ya bayar. Kalma ɗaya ce cikin wasiƙa ta buɗe ƙofa.

Bahaushe bai buƙatar malaman Amurka su fassara masa wannan, domin kalmar gudummawa kanta ta riga ta faɗi komai. Macen da ta kai wa ƙawarta gudummawar biki ba ta sa hannu a takarda ba, ba ta kira shaidu ba, kuma in aka ce mata rance ta bayar sai ta ji haushi. Duk da haka uwar biki ta san abin da aka kawo, sau da yawa ma an rubuta shi cikin littafi, kuma ranar da bikin waccan ya zo za ta mayar har da ƙari, in kuwa ta kasa, garin duka zai ji. Abin da ke tilasta biya shi ne kunya da tsoron yankewar zumunci, waɗanda sun fi sammacin alƙali ƙarfi. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Haka minista yake ji ranar da aka ce masa Alhaji wane na zaure, mutumin da ya ba da motoci 10 da man da suka sha lokacin da jam'iyya ba ta da ko kuɗin hayar rumfa. Alhajin ba ya buƙatar tuna masa komai. Zai gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya ambaci wata ƴar matsala da kayansa suka samu a duwan.

A nan ne lamarin Nijar ya bambanta da na Ingila da Amurka, bambancin kuma ba mai kwantar da hankali ba ne. Can ana jayayya kan ko kuɗi na sauya doka. A nan mai kuɗi bai cika damuwa da abin da majalisa ta rubuta ba, domin abin da yake nema ba a zauren majalisa ake raba shi ba. A ƙasar da gwamnati ce babbar mai saye, kuma rabon ɗan kasuwa ya rataya ga abin da zai biya a kan iyaka, hajar da ke hannun mai mulki ita ce kwangilar da aka bayar ba tare da gasa ba, da yafe kuɗin duwan, da ɗage lanho, da biyan wani bashinsa na baitulmali a kan kari alhali wasu sun shekara suna jira, da naɗa wane a kujerar da kaya ke bi ta gabanta. Duk waɗannan da sa hannun mutum ɗaya ake yin su, cikin ofis, ba muhawara, ba ɗaga hannu, ba ɗan jarida. Kuma kada wani ya ce dimokuraɗiyya ce ta kawo wannan ɗabi'a. Bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990 ƙarƙashin nauyin basussukan da ba a biya ba, tun kafin a kafa akwatin zaɓen jam'iyyu da yawa ko ɗaya. Attajiri ya san hanyar fada a zamanin jam'iyya ɗaya, ya san ta a zamanin kaki. Abin da zaɓe ya ƙara shi ne ya mayar da mai mulki mabuƙaci, wanda duk bayan shekara biyar sai ya je ƙofar attajirin da kansa.

Adalci ya wajaba ga ɗan kasuwar ma. Ba duk mai bayarwa ne ke farautar riba ba. Akwai wanda ke bayarwa don ɗan garinsu ne ke takara, akwai mai bayarwa don aƙida tun zamanin Sawaba da RDA da ya gada daga mahaifinsa, akwai kuma, watakila su ne suka fi yawa, masu bayarwa don tsoro. Wanda ke da kaya a hanyar Kwatano ko a sito ya san abin da mai binciken haraji zai iya yi masa in aka ga sunansa a ɓangaren da ya faɗi. Shi ya sa ake samun mai ba jam'iyyu biyu ko uku a zaɓe guda, ko mai sauya hula washegarin sanar da sakamako. Irin wannan kuɗin fansar kai ne, kuma wanda ya karɓe shi ya fi wanda ya ba da shi laifi. Talaka ma yana da nasa kason. Jam'iyyun da aka kafa bayan 1991 sun rubuta cikin dokokinsu cewa ƴaƴan jam'iyya za su riƙa biyan kuɗin kati da na wata-wata, amma a aikace ɗan jam'iyya shi ke jiran a ba shi. Wanda ya karɓi jikka biyu da sabulu ranar jajibirin zaɓe ya kamata ya san cewa ba daga gonar ɗan takara suka fito ba, kuma wanda ya ba da su zai fanshe daga kuɗin ajin makaranta da aka gina da siminti rabi. Ga kuma kuɗin ajiya na shiga takarar shugaban ƙasa, wanda ya kai miliyan 25 na sefa a zaɓen Disambar 2020, kafin a buga ko hoto ɗaya. Malamin lakkol ko likitan da ke son tsayawa, ina zai samo su in ba a zauren wani ba?

Inda wannan hanya ke ƙarewa in ba a taka mata burki ba, maƙwabta sun nuna. A jihar Anambra ta Nijeriya, attajiri Chris Uba ya ɗauki nauyin takarar Chris Ngige a 2003, kuma shi bai dogara ga kunya ba: takardun da suka fito daga baya, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta buga a 2007, sun nuna yarjejeniyar da ta ba ubangidan bakin magana kan naɗe-naɗe da kwangiloli. Da gwamnan ya fara noƙewa, ranar 10 ga Yulin 2003, makonni shida kacal bayan rantsar da shi, ƴan sanda suka tsare shi, aka kai wa majalisar jiha takardar murabus da sunansa. Ya kuɓuta ya ce bai sauka ba. A Nuwambar 2004 ƴan daba suka ƙona gine-ginen gwamnati a Awka, a Maris na 2006 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen ɗungurungum. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya ƙi kuwa a nan an ga abin da ya biyo baya, kuma mutanen jihar ne suka biya kuɗin gyaran abin da aka ƙona.

Ba a ce Nijar ba ta yi doka ba. Ƙa'idar jam'iyyu ta Disambar 2010 ta ware musu tallafi daga baitulmali, tamma 3 cikin kowace jikka ta harajin da ƙasa ta tara a shekara, ta kuma wajabta musu kai lissafinsu gaban Kotun Lissafin Kuɗin Ƙasa kowace shekara. Rahotannin kotun sun sha nuna cewa jam'iyyu da dama ba su kai komai ba. Tsarin mulkin 2010, a aya ta 52, ya hana shugaban ƙasa da ministoci da ƴan majalisa shiga kwangilar gwamnati, da kansu ko ta hannun wani. Aya ce mai kyau, amma ta tsare ƙofar gaba ta bar ta baya. Ta hana zaɓaɓɓe ya ba kansa kwangila, ba ta ce komai ba kan mutumin da ya saya masa kujerar. Kuma lissafin da aka kai kotu wata da watanni bayan zaɓe, aka ajiye cikin kabad, bai amfani mai ƙuri'a da komai ba ranar da yake tsaye a layi.

Masu cewa doka ba ta maganin wannan cuta suna da abin kafa hujja, kuma Ingilar ce ta ba su. Bayan abin kunyar 1997, majalisar Birtaniya ta yi dokar shekarar 2000 wadda ta kafa hukumar zaɓe, ta hana karɓar kuɗi daga ƙetare, ta kuma tilasta bayyana sunan duk wanda ya ba uwar jam'iyya fiye da fam 5000. Dokar ta ce kyauta, ba ta ce rance ba. Kafin zaɓen 2005 jam'iyyar Leba ta karɓi kusan fam miliyan 14 a asirce da sunan rance, sai ga sunayen wasu daga cikin masu ba da rancen a jerin waɗanda aka gabatar domin kujerun majalisar dattawa. Ƴan sanda suka yi bincike fiye da shekara guda, suka yi wa Blair tambayoyi yana kan mulki, a Yulin 2007 masu gabatar da ƙara suka ce babu isasshiyar hujjar gurfanar da kowa. Faransa, wadda daga gare ta aka kwafo yawancin dokokin ƙasar nan, ta fi tsanantawa: tun dokar 19 ga Janairun 1995 ta haramta wa kamfanoni ba jam'iyya ko ɗan takara komai, mutum kuma ba ya wuce yuro 7500 a shekara ga jam'iyyu. Wannan bai hana zargin kuɗin Libiya a zaɓen 2007 ba. Ranar 25 ga Satumban 2025 wata kotun Pari ta yanke wa tsohon shugaba Nicolas Sarkozy ɗaurin shekara 5 kan haɗa baki, bisa cewa ya bar makusantansa sun nemi kuɗi wurin gwamnatin Gaddafi, amma ta wanke shi daga tuhumar cin hanci, ba ta kuma samu tabbacin cewa kuɗin sun shiga asusun takararsa ba. Ya musanta, ya ɗaukaka ƙara. Shekara 18 bayan zaɓen, da alƙalan bincike masu cikakken iko, iyakar abin da aka iya kamawa ke nan.

Darasin da ya dace a ɗauka daga nan shi ne kada a jingina tsaron dukiyar jama'a ga kama mai laifi da hannu cikin tukunya, domin cinikin iso ba ya barin sawu. Abin da ya tilasta mayar da fam miliyan ɗin Ecclestone ba alƙali ba ne. Ranaku uku ne da aka jera kusa da juna a shafin jarida, jama'a suka karanta suka yi nasu hukunci. Da ba a san ranar farko ba, wato ranar da kuɗi ya shiga, da sauran biyun ba su nufin komai. Saboda haka duk wanda zai rubuta sabuwar ƙa'idar jam'iyyu a Nijar, soja ne ko farar hula, a nan za a gane ko da gaske yake. Sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar su fito kafin ranar zaɓe, a manna su a ofishin magajin gari, a karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, tun da mafi yawan masu ƙuri'a ba su karanta jaridar gwamnati. A lissafa rance cikin gudummawa tun daga ranar farko. A lissafa kamyo da esansi da atamfa da gidan da aka ba jam'iyya aro, domin a ƙasar nan mafi yawan gudummawa ba ta bi ta banki. A kuma kare mai ba ɓangaren da ya faɗi daga ramuwar mai binciken haraji, in ba haka ba bayyana suna zai zama jerin waɗanda za a farauta, kowa ya koma bayarwa da dare.

Sannan a buɗe ɗaya littafin. Kowace kwangilar da aka bayar ba gasa, da kowace takardar yafe kuɗin duwan, a buga ta da sunan mai kamfanin na ainihi, ba sunan ƙanensa ko direbansa ba, domin a iya ɗora ta kusa da jerin masu gudummawa. Wanda sunansa ya fito a littafin farko da adadi mai yawa, a hana shi kwangilar da ba ta gasa har wa'adin wanda ya taimaka ya ƙare. In kayansa sun fi na kowa kyau da araha, ya shiga gasa ya ci a gaban jama'a. Masu riƙe da mulki za su ce wannan zai kori masu taimako, jam'iyyu su rasa abin yin farfaganda. Wasu za su gudu, babu shakka, kuma yawan waɗanda suka gudu shi zai nuna ko nawa ne cikin gudummawar shekara 30 ɗin nan aka bayar saboda kishin ƙasa.